Me za mu kira irin su Davy Crockett da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Shekaranjiya ina fassara wani guntun tarihin Amurka sai kalmar frontiersman, wato mutumin da ke zuwa ya zauna a bakin iyakar daji, ta tsaya mini a wuya. Na jefo ta nan, kuka yi ta kawo shawara. Ga inda aka kwana.

Mutumin da ake kira da ita shi ne Davy Crockett. An haife shi a 1786 a gabashin Tenesi. Yana ɗan shekara 12 ubansa ya ba da shi ƙodago wurin wani mai kora shanu zuwa Bajiniya, yana 13 ya gudu daga gida don tsoron bulalar ƙin makaranta. Da ya girma kuma bai san zama ba. Ya sari daji, ya kafa ɗakin gungume, gona ta ƙi ko bashi ya taso, ya kwashi iyali ya ƙara nausawa yamma. A 1821 ambaliya ta tafi da injin niƙansa da wurin haɗa albarushinsa, ya sake tashi sai bakin kogin Obiyon. Sunan irin wannan mutum muke nema.

Da yawanku kun ce maharbi. Lalle ya harba. A tarihin kansa da ya fitar a 1834 ya ce ya kashe beyar 105 a shekara guda, kuma da labarin farauta ya riƙa cin zaɓe. Sai dai maharbi yakan shiga daji ne ya komo gida. Wannan kuwa gidan yake ɗauka ya kai dajin.

Ɗan daji ba na ma son mu tsaya a kansa, kowa ya san abin da kunne ke ji yau in an faɗe shi. Ɗan kan iyaka kuma Jibiya da Illela da Maigatari yake kawo mini, da kwastan da 'yan fasa-ƙwauri. Tamu iyakar a tsaye take. Tasu tafiya take yi, duk inda gatari ya kai nan ce iyaka.

Wani malami daga Sakkwato ya kawo murabiɗi, ya tuna mana ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi a Wurno. Allah gafarta Malam, kalmar ta burge ni, amma ribaɗi ibada ce, kuma da umarnin shugaba ake yin sa. Su Crockett ba wanda ya aike su. Da yawan maƙwabtansa ma ko takardar filin da suke nomawa ba su da ita, shi ya sa da ya shiga Majalisar Wakilai a 1827 ya yi ta fafutukar a sayar musu da filayen da araha, bai kuwa ci nasara ba.

Shawarar da ta hana ni barci ita ce ta wata baiwar Allah da ta ce kawai mu kira shi maci-iyaka. Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Bahaushe ya san cin iyaka: maƙwabci ya riƙa matso da kunya bana ɗaya baɗi biyu, har gamban da ya raba gonakin ya ɓace. Dajin da ake ta yabon su da sara ba kango ba ne. Yammacin Tenesi ƙasar ƙabilar Cikaso ce har 1818, kuma Crockett da kansa ya fita yaƙi da ƙabilar Kirik a 1813 ƙarƙashin Andrew Jackson. In da ɗan Kirik ne ke fassarar nan, kalmarki zai ɗauka.

Amma ga abin da ya sa na ja baya. A 1830 Jackson, yana shugaban ƙasa, ya tura dokar kwashe 'yan asalin ƙasar zuwa hayin kogin Misisipi. Cikin wakilan Tenesi duka Crockett kaɗai ya ƙi ta, a 1831 kuma ya rasa kujerarsa. In na sa masa maci-iyaka na yanke hukunci tun a suna, mai karatu bai ji shari'ar ba. Gara in rubuta cin iyakar ɓaro-ɓaro cikin jimla, in faɗi wa ya ci ta wa.

Wadda na tsaya a kanta wani dattijo ne ya ba ni: ɗan tunga, jam'i 'yan tunga. Tunga ita ce 'yar rugar da baƙi kan kafa a bakin daji, su yi sassabe, su zauna kafin ta zama gari. Sunan na nan a Tungan Magajiya da Tungan Kawo a Jihar Neja. Ba yabo a cikinta, ba zagi, kuma tana nuna zuwa aka yi, an tarar da wuri.

Wani ya ce Bakano bai san tunga ba. Ɗan'uwa, ai ya san ja tunga. Da Crockett ya sake faɗuwa zaɓe a 1835 sai ya yi fushi ya nufi Teksas, lokacin tana hannun Meksiko. A sansanin Alamo, cikin garin San Antoniyo, su wajen 200 suka ja tunga, rundunar Santa Anna, jagoran Meksiko, ta yi musu ƙawanya kwana 13, ranar 6 ga Maris 1836 ta afka musu. Har yau masana na gardama ko a fagen fama ya faɗi ko kama shi aka yi aka kashe. Kun ga kalma ɗaya ta ɗauki zamansa da mutuwarsa.

Laƙabin da shaharar labaransa ta jawo masa kuwa bai ba ni wahala ba, gwarzon almara na sa. Tun 1835 ake buga ƙananan littattafai masu cike da ƙarairayin bajintarsa, a 1954 kuma kamfanin Disney ya sa shi a talabijin, yaran Amurka suka yi rububin hular fata mai jela.

Saura beyar ɗin nan da ya yi ta kashewa. In bar ta beyar, ko akwai mai wani suna?