Musayar Waƙa: Masassaƙan Biriyanz

Baba Tanko: Amsa-amon yau "ya" ne. Wanda ya karya, shayi na kansa.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Mu je Suwizalan mu sha tafiya.
Biriyanz na nan gaɓar wani tafki,
A jihar Bern, tsaunuka sun kewaya.
Ku ƙirga mutanen garin ku gani,
Ba su fi 3,000 ba da ɗoriya.
A 1816 yunwa ta sauka,
Rani ya ƙi zuwa, hatsi ya yi wuya.
Toka ce ta dushe hasken rana,
Daga dutsen Tambora na Indunusiya.
Sai Christian Fischer, ɗan garin, ya wasa wuƙa,
Ya ce da zaman banza gara a taɓa wuya.
Ya yi ado jikin kofi da akwati,
Baƙi masu kallon magangarar ruwan Giessbach na saye suna biya.

Ɗan Masassaƙi:

Baba, ranka ya daɗe, ina da ja,
Ka yi min afuwa in faɗi gaskiya.
An ce beyar, dabbar daji mai gashi, suka fi sassaƙawa,
To beyar ta katako na riƙe miya?
Mu gizagonmu turmi yake fitarwa,
Da akushin tuwo na gidan amarya.
Sana'ar da ke zaman jiran baƙo,
Ina labarinta in an toshe hanya?
A 1914 da yaƙi ya ɓarke,
Baƙi sun ɗauke ƙafa, ciniki ya karya.

Hajiya Mairo:

Ƙanena, sannu da ɗaga murya,
Rabin zancen ka kawo, saura ɗaya.
Tun 1851 a bajekolin Landan,
Aikinsu ya shiga idon duniya.
A 1884 suka buɗe makaranta,
Ta sassaƙa zalla, har yau tana raye, ba ƙarya.
Shekara 4 ɗalibi zai yi a ciki,
Guduma a dama, ƙarfen sassaƙa a ɗaya.
Itacen lindan ne, mai laushin yanka,
Ba ya gardama in wuƙa ta biya.
Ka ga gashin beyar ɗin nan da ka raina?
Sili-sili ake fitar da shi, ɗaya-ɗaya.
Yaƙi ya wuce, makarantar na nan,
Har ta masu goge ta zo daga baya.

Ɗan Masassaƙi:

Hajiya, na sara, kin ɗaure ni,
Batun makaranta ya taɓa zuciya.
Amma ki tambayo min farashin beyar,
In ya kai na turmi goma, zan sauya.

Auta:

Ni dai jirgin ƙasansu nake so,
Mai hayaƙi, mai hawa dutsen Rothorn,
Tun 1892 yake ta fama...

Baba Tanko:

Auta, tsaya nan, ina amsa-amonka?
Ka ɗora tukunya, ka sa citta da yawa, ka jiya?