Me ƙasar 'yan ba-ruwanmu irin Suwizalan za ta yi da jiragen F-35?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum. Suwizalan ba ta shiga yaƙi da wata ƙasa ba tun 1815, kuma ƙasashen da ke kewaye da ita abokan arzikinta ne. Duk da haka a 2022 ta rattaba hannu kan cinikin jiragen yaƙi 36 samfurin F-35A daga Amurka a kan faran (kuɗin Suwizalan) biliyan 6, ga kuma makaman kariyar sama na Patriot. Ina roƙon masana su fayyace mini, wa take tsoro?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Zaman ba-ruwanmu nauyi ne da doka ta ɗora, domin yarjejeniyar Hague ta 1907 ta wajabta wa irin wannan ƙasa ta hana masu yaƙi amfani da yankinta, kuma wanda ba shi da ƙarfin hanawa, maganarsa ba za ta wuce takarda ba. A watan Yuni na 1940 matuƙan Suwizalan sun yi artabu da jiragen Jamus da suka keta musu sama, alhali su ma matuƙan Suwizalan ɗin da jiragen Messerschmitt ƙirar Jamus suke tashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 17 ga Fabrairu, 2014, ranar da mataimakin matuƙin wani jirgin fasinja na Habasha ya karkatar da shi zuwa birnin Geneva na Suwizalan da asuba. Jiragen Italiya da na Faransa ne suka yi masa rakiya, saboda a wancan lokaci sojin saman Suwizalan sai a lokutan aikin ofis suke tashi. Abin ya zama abin kunya, kuma tun ƙarshen 2020 akwai jiragen yaƙi samfurin F/A-18 guda biyu a sansanin Payerne da ke cikin shiri dare da rana, za su iya tashi cikin minti 15. Waɗannan F/A-18 ɗin an karɓe su ne a ƙarshen shekarun 1990, tsufa ya kama su, dole a nemi madadinsu.

Bakatsiniya:
Ɗan Damagaram ya yi gaskiya a kan buƙatar, amma ina da ja a kan zaɓin. Rakiyar jirgin da ya ɓace hanya, ko gadin saman garin Davos a lokacin taron tattalin arzikin duniya na Janairu, ba ya buƙatar jirgi irin F-35 da aka ƙera don ya ɓuya wa na'urar rada ya kutsa cikin ƙasar abokan gaba. Su kansu 'yan ƙasar ransu bai kwanta ba: a 2014 sun yi watsi da sayen jiragen Gripen 22 na Suwidin a ƙuri'ar raba gardama, kuma a Satumban 2020 da kashi 50.1 cikin ɗari kacal aka amince da kuɗin sayen sababbin jiragen yaƙi, tazarar da ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba. Gwamnati ta yi ta cewa farashin jiragen F-35 ɗin tsayayye ne, sai ga shi a 2025 Amurka ta nemi ƙari, sannan ta jinkirta kai Patriot domin ta fara biya wa Yukren buƙata. Ƙasar da kayan gyaran jiragenta da manhajarsu ke hannun wata, yaya za a kira ta mai cin gashin kanta?

Ɗan Damagaram:
Hajiya, wannan damuwa tana da tushe, sai dai kowane jirgi suka saya, a hannun wani zai bar su, domin kamfaninsu na Pilatus jiragen horo yake ƙerawa irin PC-21, ba na yaƙi ba. Inda na fi ganin giɓi shi ne a ƙasa: tun da aka ajiye makamai masu linzami na Bloodhound a 1999, ba su da abin da zai kakkaɓo hari daga nesa, sai makaman Stinger da ake harbawa daga kafaɗa da bindigogin Oerlikon, dukansu masu gajeren zango. Shi ya sa jinkirin Patriot ya fi tayar mini da hankali fiye da ƙarin kuɗin jiragen.