Neman shawara: jigon wasa zan duba ko ƙa'idojinsa?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a wurin waɗanda suka san wasannin darar zamani, irin waɗanda ake baje allo a kewaye shi da katuna da 'ya'yan wasa. Mu huɗu ne muke yi a gida: ni da maigidan da yaranmu biyu, mai shekara 14 da mai 11. Monopoly kawai muka sani, kullum da rigima ake tashi, amma yaran ba sa gajiya da shi. Sai na ce bari in canza mana, na samo Azul saboda na ga shi ya ci kyautar Spiel des Jahres ta Jamus a 2018. Ni da maigidan mun ji daɗinsa ƙwarai. Ƙaramin kuwa zagaye biyu aka yi ya ɗago ya ce, "Mama, wai ni wane ne a wasan nan?" Na ce mai jera tayil ne a bangon fadar sarkin Fotugal. Ya juya 'yan tayil ɗin a tafin hannunsa ya ce shi fa bai ga fada ba, lissafi kawai ya gani. Tun ranar bai sake zama ba. Yanzu ina son ƙaro wani, maigidan na cewa jigo fenti ne kawai, in nemi mai ƙa'idoji masu kyau. Ni kuma tsorona kada a maimaita na Azul. Wanne zan bi?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya, ina bayan maigida. Dubi darar ces. Daga Indiya ta samo asali, ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta isa Turai, kuma a hanya sunayen 'ya'yan suka sauya: giwa ta koma limamin coci a bakin Ingilishi, waziri ya koma sarauniya. Wa ya daina wasan saboda haka? Wanda ya ƙware ba ya ganin doki ko sarki, gidaje 64 yake gani da inda zai kafa wa abokin karawa tarko. Ludo ma wane labari gare shi? Akwai wani Bajamushe mai ƙirƙirar wasanni, Reiner Knizia, masanin lissafi ne. Wasansa Schotten Totten na 1999 a kan ƙabilun Sikotland ne masu rigimar iyaka, da shekara ta zagayo aka sake fitar da shi da sunan Battle Line, aka mai da shi yaƙin sojojin zamanin da. Riga aka canza, mutumin na nan. Jigo a zama uku na farko yake aiki, bayan nan ƙa'ida ce ke riƙe mutum.

Anti Rabi: Abu Sadiq, zama ukun farkon nan da ka raina ai su ne matsalar baiwar Allahn nan. Yaron ko zama ɗaya bai ƙarasa ba, ina maganar na huɗu?

'Yar'uwa, ni abin da na lura da shi, jigo iri biyu ne. Akwai wanda aka liƙa a bayan kwali bayan an gama tsara wasan, kamar na Azul. Wasa ne mai kyau, amma ko an ce miki ƙwai kike jerawa a kiret babu abin da zai canza, kuma ɗanki ya gano haka da kansa, yaro ne mai kaifin ido. Akwai kuma jigon da shi ne ya haifi ƙa'idojin. Misali Pandemic na Matt Leacock, wanda ya fito a 2008. Ku duka ɓangare ɗaya kuke, kuna yaƙar cututtuka huɗu a kan taswirar duniya mai birane 48, kuna farawa daga Atlanta. Lokacin da na koya wa ƙannena, ban wahala ba ko kaɗan. Na ce idan cuta ta yi yawa a birni, wato aka zo ɗora ƙwayar cutar ta huɗu a kan ukun da ke wurin a allo, sai ta ɓalle zuwa biranen da ke maƙwabtaka da shi. Babu wanda ya ce in maimaita, domin haka annoba take a zahiri. Wanda ya zama likita yana share cuta iri ɗaya gaba ɗaya daga birni a motsi guda, masanin kimiyya kuma katuna huɗu sun ishe shi gano magani maimakon biyar. Autarmu da aka ba ta likita sai da ta miƙe tsaye tana cewa a bar mata Alƙahira ita za ta je. Kin ga tambayar "ni wane ne" ta samu amsa tun kafin a fara.

Amma ki ja kunnen maigida. A irin wannan wasa na haɗin kai, wanda ya fi kowa iya lissafi yakan koma yi wa kowa wasa, "kai je can, ke ba shi katin nan," yara su zama 'yan kallo.

Malam Hamisu: Ni Monopoly ɗin ma nake so ki duba, amsar na ciki. A ƙa'ida wasa ne mai rauni: yana da tsawo, sa'a ta yi masa yawa, wanda ya karye sai ya koma gefe ya zuba tagumi. To me ya riƙe yaranki? Kuɗi a hannu da faɗin "gidana ne, biya haya." Rigimar ma ba a banza take ba. Asalinsa wasan wata Ba'amurkiya ce, Lizzie Magie, wadda ta yi rajistar The Landlord's Game a 1904 don ta nuna illar mutum ɗaya ya handame filaye. Parker Brothers suka fitar da Monopoly a 1935. Wato an gina shi ne don wanda ake tatsa ya ji haushi, kuma har yau yana ji.

Tunda ciniki suke so, ki gwada Catan na Klaus Teuber, na 1995. Mutum uku zuwa huɗu, daidai ku ke nan. Ana tara itace da bulo da alkama da tumaki da ma'adini, a gina hanya da ƙauye, wanda ya fara kai maki 10 ya ci, kuma ba a fitar da kowa kafin ƙarshe. Hanya itace da bulo take ci, yaro zai riƙe wannan ba tare da duba takarda ba. Daɗin yana wajen "wa zai ba ni bulo in ba shi tumaki biyu?" Maigida ma zai samu lissafin da yake so, domin filayen allon na da lambobi, kuma in an jefa 'yan lido biyu 6 da 8 sun fi 2 da 12 fitowa nesa ba kusa ba, inda ka kafa ƙauyenka na farko yana da tasiri.

Ummu Khalil: Wani ɓangaren da ba a taɓo ba: jigo yana kora kamar yadda yake jawowa. Ni duk kyan ƙa'idojin wasa, in na ga kwalin cike da aljanu da tsafi ba ya shiga gidana. Ba ni kaɗai ba ce mai irin wannan. Wasan Puerto Rico na 2002 masana sun yabe shi matuƙa, amma mutane da yawa sun kasa jure tura 'yan ƙwayoyi masu launin ƙasa aikin gona a zamanin mulkin mallaka, don sun san abin da hakan ke nufi a tarihi. Sai da aka sake masa jigo a 2022 da sunan Puerto Rico 1897. Da fenti ne kawai, da ba a sha wannan wahalar ba.

Abu Sadiq: Na karɓi ta Ummu Khalil, ban musa ba. Amma Hajiya kada ki ruɗu da zanen kwali. Na taɓa ɗauko wani saboda hoton jiragen ruwa da 'yan fashin teku, da muka buɗe ashe jefa ɗan lido ne ka matsa gaba, shi ke nan. Yana nan saman kabad ƙura ta rufe shi. Ki kalli bidiyon yadda ake wasan tukuna, tare da yaron.

Maman Ihsan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna musu bidiyon biyun daren jiya. Babbar Catan take so, ƙaramin kuwa tunda ya ji akwai likita a Pandemic ya ce shi ne, har ya fara raba wa kowa aiki. Maigidan ya karanta gargaɗin Anti Rabi ya yi dariya ya ce ba zai iya alkawarin yin shiru ba, don haka Catan za mu fara ɗauka. Malam Hamisu, na ga in 7 ta fito akwai wani ɓarawo da ake ɗora wa mutum a fili har a zare masa kati. Wannan ba zai dawo mana da rigimar Monopoly ba kuwa?