Tayar "All Season" ga mota mai lantarki a Kumasi: ta dace ko ɓarnar kuɗi ce?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Motar Tesla Model 3 ce da aka shigo da ita daga Amurka, tayoyin baya sun kusa suɗewa. Lambar da ke jiki 235/45 R18 ce. A Suame, unguwar makanikai a Kumasi, an nuna mini iri biyu, ɗaya an rubuta mata "All Season", ɗaya kuma an ce ta yanayin zafi ce, sannan ga ta gwanjo mai arha. Hanyata cikin gari ce, sai Accra lokaci-lokaci. Wacce zan saya?

Injiniya Asawase:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ita "All Season" an yi ta ne don ƙasashen da ke da bazara da kuma hunturu mai ɗan dusar ƙanƙara, shi ya sa robarta ba ta ƙandarewa da sanyi. Mu nan zafi ne da ruwan sama, don haka wannan rubutun ba shi ne abin dubawa na farko ba. Za ta yi maka aiki, amma tayar zafi mai kyau ta fi ta kama birki a kwalta, busasshiya ko jiƙaƙƙiya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar da ke bin R18. A motarka ya kamata ka ga 98 da kuma XL, wato taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi. Wannan 98 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 750. Akwai taya mai girman nan daidai amma lambarta 94, wato kilo 670 kawai, za ta hau wili lafiya lau, kuma mai sayarwa zai rantse maka ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Batir ya sa motar nan nauyi, kuma tana fizga nan take da ka taka, ba kamar mai fetur ba. Taya mai ƙaramar lamba za ta riƙa lanƙwasa a gefe, ta ɗau zafi, wata rana ta fashe a hanyar Accra mota cike da mutane. Kar ka sauka ƙasa da 98 ko da za a ba ka rabin kuɗi.

Sai ka duba gefen tayar, inda aka rubuta Temperature: ka nemi A, ita ce mafi jure zafi, C kuwa bar musu kayansu. Idan tana da takardar Tarayyar Turai manne, akwai haruffa A zuwa E kashi biyu, ɗaya na riƙon hanya cikin ruwa, ɗaya na saurin murzawa. Na ruwa ya zama A ko B. Na murzawa shi ke nuna ko cajinka zai kai ka nesa, domin taya mai nauyin juyawa tana shan batir.

Hajiya Mai Kaya:
Ɗan'uwa, ta gwanjon nan ita ce matsalar. Da yawa daga cikin hom-yus, wato tayoyin gwanjo, da ke shigowa tayoyin hunturu ne. Za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ga ƙananan tsage birjik a zanen, in ka danna da farce robar ta lotsa. An yi su ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A kwaltar Kumasi da rana tsaka sai su cinye da wuri, birki kuma ya yi tsawo. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Zane na iya yin kyau alhali robar ta tsufa ta fara tsattsagewa.

Mai Faci Suame:
Yallabai, bari in ƙara na wajen aiki, don a nan ake yawan ɓarna. Tayar da motar ta zo da ita akwai soso manne a cikinta don rage ƙara, tunda babu kukan inji da zai rufe ta. In ƙusa ta shiga, sai an cire tayar, a yanke soson daidai wurin, a goge, a yi faci daga ciki. Huda a gefe kuwa ba ta da faci, haka ma kumburin da rami ke jawowa. Ba dole ba ne sabuwar ta kasance mai soso, ƙara ce kawai za ta ɗan ƙaru.

Kar ka bari yaro ya cusa jek inda ya ga dama. Batir ne shimfiɗe a ƙasan motar. Akwai wurare huɗu da aka tanada, kuma ana sa 'yar roba tsakanin jek da jikin mota. A bawul ɗin akwai na'urar auna iska, in aka sa ƙarfen ɓanɓare taya ba hankali sai ta karye, fitila ta kama a allo. Notin wili a ɗaure shi da sifana mai awo a kan 175 Nm, ba a hau kansa da ƙafa ba.

Iska 42 psi ce, tana rubuce a jikin ƙofar direba. Yawancin masu faci sun saba da 32, shi za su sa maka in ba ka yi magana ba, sai gefunan zanen su cinye, caji ya ragu. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. To zan iya canja na baya biyu kawai?

Injiniya Asawase:
Za ka iya, Alhaji, in na gaba suna da sauran zane. Alamar ƙarewa tana kan milimita 1.6, amma da irin ruwan watan Yuni, in sun kai 3 canja su duka. Sababbin su zauna a baya, iri ɗaya hagu da dama, kar a sa ta zafi a gefe ɗaya, "All Season" a ɗaya gefen. A yi saitin ƙafa ranar da aka sa su, sannan a riƙa juya na gaba zuwa baya duk kilomita 10,000.