Rajista ce ke kare kayan tarihi, ko mun ɗora mata abin da ba za ta iya ba?

Malam Sani: Ina nan kan bakata: abin da ba a yi wa rajista ba, da wuya a dawo da shi. Sashe na 7 na yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba ya tanadi dawo da abin da aka sace daga gidan tarihi ne idan yana cikin kundin gidan. Tsarin Object ID, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta rubuta bayanin kayan tarihi, kuma ba wuya: hoto ta kowace fuska da ma'auni a gefe, tsawo da faɗi, abin da aka ƙera shi da shi, rubutu ko lambar da ke jikinsa, sai tabo da tsaga, don su ke raba shi da makamancinsa. A ajiye kwafi a wani gini daban.

Dakta Binta: Malam, wannan maganin satar cikin gida ne. Ɓarnar ta fi yawa a haƙa. Mutum-mutumin Nok da aka tono da daddare, wa ya ɗauki hotonsa? Ba zai taɓa shiga kundin Interpol na kayan da aka sace ba. Shi ya sa ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya, ta fitar da jan jerinta na Afirka a 2000, wato jerin kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata, wanda ke nuna wa jami'in kwastan nau'in kaya, ba guda-guda ba. Kuma ko an kama shi, an riga an birkita ƙasar wurin da aka tono shi, wadda za ta faɗi shekarunsa.

Malam Sani: To wace doka ce ta kama mai tonon?

Dakta Binta: Yarjejeniyar UNIDROIT ta 1995, kan kayan tarihin da aka sace ko aka fitar ba bisa ƙa'ida ba. Ta ɗauki abin da aka tono ba bisa ƙa'ida ba a matsayin na sata, in dokar ƙasar ta ce haka, kuma mai saye ba shi da diyya sai ya nuna ya bincika asalinsa. Sai dai Amurka da Birtaniya ba sa ciki.

Alhaji Garba: Ku biyun kun tsallake takardar bogi. Yarjejeniyar 1970 ba ta waiwaye, wato ba ta shafi abin da aka fitar kafin ta fara aiki ba, sai dillali ya rubuta cewa wani tsoho ne ya tara kayan tun kafin shekarar, tsohon kuwa ya rasu. A nemi lasisin fitarwa da rasiti mai kwanan wata, a tuntuɓi ofishin da aka ce ya bayar.

Malam Sani: Ofishin da ba shi da kundi, Alhaji, da me zai ba ka amsa?