Likita ta ce in riƙa motsa jiki, ta ina zan fara?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Jiya na karɓo sakamakon gwaji. Sukarina na safe kafin in karya 108, awon jini 138 bisa 88, likita kuma ta zagaya cikina da tef ta ce santimita 97. Ta ce ban kai ga ciwon sukari ba tukuna, amma can na nufa in ban tashi tsaye ba. Ta ce in gyara cima, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata 3. Ni kuwa ba fita nake ba sai da dalili, ga yara huɗu, ga zafin Sakkwato. Wallahi ban yi barcin kirki ba.

Anti Balki: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankali, kin gano abin da wuri. Mu ma'aikatan lafiya a wurin aiki abu biyar muke dubawa: faɗin ciki, wanda ga mace daga santimita 80 ake fara sa ido, awon jini daga 130 bisa 85, sukarin safe daga 100, sai maiƙon jini iri biyu, ɗaya ya hau 150, ɗayan mai amfani ya sauka ƙasa da 50. Uku suka haɗu, to an shiga layin ciwon sukari da na zuciya. Kitsen ciki ne ke sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini. Tsoka kuwa, muddin tana aiki, da kanta take zuƙe sukari daga jini. Shi ya sa likita ta fara da motsi.

Maman Sadiq: To Anti, minti nawa ake so?

Anti Balki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba, goma-goma ma ya shiga lissafi. Akwai babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 kan masu irin sukarinki: waɗanda suka riƙe minti 150 ɗin nan tare da rage nauyi kaɗan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, har sun fi masu shan metformin, maganin rage sukari.

Hajiya Inno: Ɗiyata, mu da muka tashi da turmi da taɓarya ba mu san wanga ciwo ba sai da injin niƙa da famfo suka shigo gida. Ni yanzu geron furata da hannuna nike surfa shi, sau biyu ga mako, zufa har ga zane. Gwada ki ji yadda kafaɗu ka amsawa.

Maman Ilham: Ni abin da ya yi mini aiki shi ne tafiya bayan cin abinci. A Runjin Sambo muke, tsakar gidanmu ba wani girma ba, daga bakin kicin zuwa zaure taku 18 ne, na ƙirga. Da na gama tuwon dare ba na zama kan tabarma, sai in saka takalmi in yi ta kai da komo minti 15 ina lazimi. Da farko yara dariya suke, yanzu autata ce ke riƙe mini waya tana duba lokaci. Ina da na'urar gwajin sukari, kuma daren da na yi tafiyar da daren da na kwanta kai tsaye ba ɗaya suke fitowa ba. Ki yi saurin da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau.

Ummu Khalil: Akwai shayin rage tumbi da wata ke kawowa, da bel ɗin ɗaure ciki. In tura lambarta?

Anti Balki: Don Allah kada ki tura. Yawancin irin shayin nan gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan. A garin da Afrilu ke wuce 40 a ma'aunin zafi, wannan wahalar da ƙoda ne. Bel kuma matse ciki kawai yake.

Ummu Khalil: Na gode Anti, ni ma na kusa saya.

Malama Rabi: Na tsoka ba sai kin je ko'ina ba. Ki jingina kujera da bango, ki zauna ki tashi ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10, ki huta, ki sake. Sai ki dafa bango da hannu biyu ki matso ki tura kanki baya. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta isa ɗagawa a farko. Ni gwiwa ke damuna, sai na sa filo kan kujerar don ta ƙara tsawo. Kuma kada sikeli ya karya miki gwiwa. Wata biyu nauyina bai motsa ba, amma siket ɗina sai da tela ya rage shi. Ki auna ciki da tef duk wata, da safe, a wuri guda.

Anti Balki: Ƙari ga masu karantawa: duk mai allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide ta ajiye dabino kusa, sukari na iya faɗuwa, alamarsa rawar jiki da zufa mai sanyi. Mai ciwon sukari kada ta yi tafiyar ba takalmi. In aka ji ciwon ƙirji ko jiri a tsaya, a tafi asibiti. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari kuma su ne farkon abin ajiyewa.

Maman Hanif: Maman Sadiq, ba a Mabera kike ba? Mu uku ne muke zagaya layinmu bayan sallar asuba, Litinin, Laraba da Asabar, da hijabanmu, kafin rana ta ɗaga mun dawo mun ɗora kunun yara. Ni da takardar asibiti na nuna wa maigida, bai ja ba.

Maman Sadiq: Allah ya saka muku da alheri duka. Na ƙirga tsakar gidana yanzu, taku 22. Yau bayan tuwo zan fara. Maman Hanif, zan yi wa Baban Sadiq magana in ya dawo kasuwa, in ya amince ki ƙwanƙwasa mini ƙofa ranar Laraba.