Neman shawara: mene ne amfanin harsashin .45 GAP tunda akwai .45 ACP?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Amurka nake zaune, kuma ina zuwa filin koyon harbi. An tallata mini bindigar Glock 37, kwancen 'yan sanda, da araha ƙwarai. Sai na ga ba .45 ACP take ci ba, wani gajeren harsashi ne wai shi .45 GAP. Me ya sa aka gajarta shi, kuma ƙarfinsa ya kai na ACP? Hannuna ƙarami ne, mariƙin Glock 21 mai cin ACP ya yi mini kauri. In saya ko in haƙura?

Mai gyaran bindiga:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan matsala ta hannu da ka ambata, ita ce ta haifi harsashin. John Browning ne ya tsara .45 ACP tun farkon ƙarni na 20, sojan Amurka suka karɓe shi a 1911. Tsawonsa gaba ɗaya milimita 32.4 ne, kwansonsa 22.8. Magazin a cikin mariƙi yake zama, saboda haka in harsashi ya yi tsawo, dole mariƙin ya yi faɗi daga gaba zuwa baya. In kuma an jera harsasan layi biyu kamar a Glock 21, ga kauri ya ƙaru.

A 2003 Glock suka fitar da GAP tare da kamfanin Speer. Kan harsashin iri ɗaya ne da na ACP, faɗin milimita 11.5, amma an rage kwanson zuwa 19.2. Tsawonsa duka bai kai milimita 29 ba, wato ya ɗan gaza harsashin 9mm mai 29.7. Da haka ya shiga jiki mai girman na Glock 17 da 22. Silaid, wato ƙarfen sama mai zamewa baya in an harba, shi kawai aka ƙara wa faɗi da nauyi don ya ɗauki tokarin.

Game da ƙarfi, ACP an tsara shi ne da albarushin zamaninsa, shi ya sa akwai sarari a kwanson da albarushin yau ba ya bukata. An yanke sararin, aka ɗaga iyakar matsi zuwa psi (ma'aunin matsi) 23,000, alhali na ACP na yau da kullum 21,000 ne. A kai mai nauyin giren (ma'aunin nauyin kan harsashi) 185 da 200, gudunsu kusan ɗaya. A giren 230 ma yana biye da ACP, sai dai a nan ya ƙure. ACP yana da nau'in +P da ake ƙara wa ƙarfi, shi kuwa GAP tun asali a wannan matakin yake, babu gaba.

Mai koyar da harbi:
Kafin maganar kuɗi, ɗan'uwa, auna hannunka da ita. Cire magazin, ja silaid, duba da ido ka tabbata ba komai a ciki. Riƙe ta yadda bututun zai miƙe layi ɗaya da damtsenka, bayan mariƙin ya zauna a tsakanin babban yatsa da manuniya. Sai ka ɗora yatsa a kunama. In tsakiyar gaɓar farko ta hau ba tare da ka murɗa hannu ba, ta yi maka daidai. In sai ka juya tafi kafin ka kai, to harbinka zai riƙa karkata gefe, tokarin kuma ya sauka a gindin babban yatsa ya gajiyar da kai da wuri. Wannan ne ke samun masu ƙaramin hannu da Glock 21, kuma a nan 37 ta yi abin a yaba mata.

Amma ka yi gwajin nan da wasu kuma. A 2007 aka fito da Glock 21SF mai ragaggen mariƙi, Gen4, wato zubi na huɗu na Glock, ta biyo baya da faifan baya da ake canzawa, Springfield ma suka yi XD mai cin ACP guda 13 da mariƙi madaidaici. Glock 37 guda 10 take ɗauka, 21 tana ɗaukar 13, Glock 17 kuwa guda 17 na 9mm. Lokacin da GAP ya fito, dokar Amurka ta 1994 da ta taƙaita sababbin magazin na farar hula a harsashi 10 tana aiki, don haka goman ba ta zama naƙasu ba. Dokar ta ƙare a 2004, lissafin ya canza, sai a jihohin da suka riƙe tasu iyakar.

Mai cika harsashi da kansa:
Ni ban yarda a ce harsashin bai da amfani ba. An ƙera kwansonsa da kyau, gindinsa ya fi na ACP ƙwari. Kasuwa ce ta juya masa baya. Ga abubuwan da za su iya cutar da kai, Malam.

Kada ka sa GAP a bindigar ACP don ka ga faɗinsu ɗaya. Irin waɗannan harsasai da bakin kwanso suke tokare ƙarshen ɗakin harsashi. GAP ya gaza da kusan milimita uku da rabi, ba zai kai wurin ba, sai ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta riƙe shi. Wani lokaci ya tashi, wani lokaci allurar da ke bugun gindinsa ta kasa kai masa, ƙugiyar kuma tana shan wahalar da ba tata ba. ACP a bindigar GAP kuwa silaid ba zai rufe ba, kada ka danna shi da ƙarfi. Karanta rubutun gindin kwanso kafin ka loda, musamman in kana zuwa fili da bindigogi biyu.

Kada ka yanke kwanson ACP ka ce ka yi GAP. Kaurin bangonsu na ciki ba ɗaya ba ne, gefen gindin GAP ya ɗan fi ƙanƙanta, kuma ƙaramar firaima (abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso) yake ɗauka alhali yawancin ACP babba suke ɗauka. Ma'aunin albarushin ACP ma ba na GAP ba ne, sai wanda masu yin albarushin suka wallafa masa.

Sannan ka daina maimaita harsashi ɗaya a ɗaki. Duk lokacin da silaid ya tura shi, kan yana iya nutsewa kaɗan cikin kwanso. Da yake sararin ciki kaɗan ne, ɗan nutsewar nan tana ɗaga matsi sosai. Jera shi da sabo a kan tebur, in ya gajarce ka ware shi.

Mai gyaran bindiga:
Arahar da ka gani tana da dalili. 'Yan sandan jihohin Niyok, Jojiya, Fensilbeniya, Karolina ta Kudu da Fulorida sun ɗauki GAP a baya, daga baya aka riƙa barinsa, wasu suka koma ACP, wasu 9mm, musamman bayan hukumar bincike ta FBI ta koma 9mm. Bindigogin suka cika kasuwar kwance, masu yin harsashin suka ragu. Ka leƙa shaguna uku na kusa da kai ka tambayi kwalin 50. In duk sai an yi maka oda, ka lissafa kuɗin harsashi 1,000 na GAP da na 9mm. Bambancin yakan cinye rangwamen da aka yi maka. A ganina, wanda zai riƙa harbi kowane mako ya ɗauki 17 ko 21SF. Wanda ya nace sai .45, hannunsa kuma ya ƙi duk sauran, 37 ba za ta ba shi kunya ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. In na saya, me zan duba a jikinta?

Mai gyaran bindiga:
Amin. Sake sifirin ɗin silaid da sabo, don ba ka san yawan abin da aka harba da ita ba. Duba leɓen ƙugiya ko ya tsage. Nemi magazin uku tun yanzu, masu rubutun .45 GAP. Na 17 da 22 suna shiga mariƙin amma ba nata ba ne. Kuben ma ka gwada shi da bindigar kafin ka biya, saboda faɗin silaid ɗinta yakan hana ta zama a na Glock 17.